Allurar da Na Ƙi Yi wa Buba

Ku 'yan makarantar jinya da ake turo mana kowace shekara, na lura da ku sarai. Kuna shigowa da fararen kaya masu karin guga, ku tsaya gaban na'urar da ke gefen gado, ku karanta lambar da ta nuna, ku rubuta a kati, shi ke nan wai kun duba mara lafiya. Wata a cikinku har cewa ta yi da ni, "Mama, ai gudun zuciya ba shi da wuya. In lamba ta haura, a yi allura ta sauka." Ban yi mata faɗa ba, don ni ma na yi ƙuruciya. Amma tunda bakinta ya iya furta wannan magana, sai ku zauna ku ji labarin ranar da aka rubuta min irin wannan allura na ƙi yi, likita yana tsaye a kaina.

Sunana Uwani, 'yar Ba'awa ce ni ta ƙasar Kiru. Na haura shekara talatin ina aikin nas a asibitocin kudancin Kano, yawanci a ɗakin da ake kwantar da waɗanda jikinsu ya yi tsanani. Kada ku ji na ce ɗaki ku zaci irin na birni. Gado huɗu ne, da tukunyar oksijin biyu, da na'ura mai allo guda ɗaya tak da muke turawa daga wannan gado zuwa wancan. In wuta ta ɗauke kuma janareta ya yi gardama, abin da ya rage mana shi ne agogon da ke maƙale a ƙirjina, da abin awon jini, da abin sauraron ƙirji, da yatsuna uku.

Ranar kasuwar Tudun Wada ce, an sallame azahar ke nan, aka shigo mana da wani matashi Bafulatani mai suna Buba, daga wata ruga ta wajen Burumburum. Ba zai wuce ashirin da biyar ba. Da ƙafarsa ya shigo, sandarsa a hannu, wani dattijo mai malafa yana biye da shi. Dattijon ne ya yi bayani, ya ce tun hantsi suna kara, kasuwar dabbobi, wajen lodin shanu, sai ya ga yaron yana ta haɗa gumi yana dafa mota, da aka matsa masa ya ce ƙirjinsa ne ke bugawa. Muka zaunar da shi a gado, na manna masa wayoyin na'ura a ƙirji ta wuyan riga. Allo ya nuna ɗari da hamsin. Zuciyar lafiyayyen saurayi mai yini yana bin shanu ba ta cika wuce saba'in ba in yana zaune.

Likitan da ke aiki ranar ɗan bautar ƙasa ne, Dakta Nasiru, wata uku ke nan da zuwansa. Yaro ne mai ƙwazo, ba zan ci amanarsa ba. Babban likitanmu mai yin tiyata ya tafi wani ƙaramin asibiti duba marasa lafiya. Dakta Nasiru ya yi tambayoyin da ya kamata a yi.

"Kana jin ciwo a wani wuri?"

"A'a," in ji Buba.

"Ka faɗi, ko wani abu ya buge ka?"

"A'a."

"Zazzaɓi fa? Amai? Gudawa?"

"Babu ko ɗaya."

Ya danna masa ciki ta saman riga, Buba ko gezau. Ya auna jini, ya tarar bai yi ƙasa sosai ba. Sai ya yanke hukunci cewa zuciyar ce da kanta ta rikice, ya rubuta allurar da ke rage mata gudu, a yi ta jijiya, yanzu. Na fasa kwalba, na zuƙa a sirinji. Kafin in ɗaure masa hannu sai na kama wuyan hannun nasa da yatsuna, don ban taɓa yi wa mutum allurar zuciya ban fara jin bugunsa da hannuna ba. Abin da na ji ne ya sa na fasa yin allurar, kuma ba za ku gane dalilin ba sai na koma da ku baya.

Wadda ta koya min aiki Matiron Kande ce, Allah Ya ji ƙanta. Gajera ce, ba ta da fara'a, kuma ba ta yarda da lambar da ba ita ta ƙirga ba. Watana na farko a hannunta ban taɓa sirinji ba. Kullum da safe za ta sa in bi gado-gado in kama wuyan hannun kowa, in ƙirga bugunsa minti guda cur. In ta kama ka ƙirga na daƙiƙa goma sha biyar ka ninka, ranar ka shiga uku. In na dawo sai ta ce in ƙwanƙwasa mata bugun a kan tebur da ɗan yatsa yadda na ji shi. Abu uku take so in faɗa mata: gudun nawa ne, a jere yake ko a hargitse, kuma cike yake ko siriri. A lokacin gani nake mugunta ce kawai irin ta tsofaffin matiron. Na sha komawa gida ina ƙunƙuni cewa na yi karatu don in zama nas, an mayar da ni mai ƙidaya.

Wata rana aka kawo wani manomi zuciyarsa na gudu, na ruga na ce mata a ba shi maganin rage bugu. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke Uwani, in kika ga babanku ya fito daga gona a guje, ƙafa za ki sa masa, ko bayansa za ki duba ki ga abin da ya koro shi?" Manomin nan ashe ƙafarsa ce ta ruɓe daga saran fartanya, dafin ya shiga jini. Da aka wanke ciwon, aka ba shi ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, zuciyar ta sauka da kanta. Daga ranar na riƙe cewa gudun zuciya iri biyu ne. Akwai wanda ita zuciyar ce ta rikice, akwai kuma wanda wani abu ne ya koro ta. Duk wahalar aikin nan tana wajen rarrabe su, kuma na'ura ba za ta rarrabe muku ba in ba ku dubi mutumin ba.

Na farkon na sha ganinsa, kada ku ce ina tsoron allura. Akwai wata tela daga Bebeji da ta zo tana riƙe da ƙirji, ta ce tana kan keken ɗinki abin ya taso mata farat ɗaya. Bugunta ya kusa ɗari biyu, a jere, kuma ya kafe wuri guda, ko ta motsa ko ta kwanta ba ya canzawa. Likita ya sa na ba ta sirinji babu allura, na ce ta hura bakinsa da duk ƙarfinta kamar za ta tura sandar ciki, sannan muka kwantar da ita muka ɗaga ƙafafunta sama. Nan take bugun ya faɗo tamanin, ta tashi tana dariya tana tambayar inda muka ajiye mata takalmi. Akwai kuma masu jego da ake kawo mana bayan an ɗura musu kunun kanwa an gasa su da ruwan zafi sati da sati, ƙafafu a kumbure, ba sa iya kwanciya. Wasunsu bugunsu a hargitse yake, ba ka sanin lokacin da na gaba zai zo. Waɗannan magani suke buƙata, kuma na ba su da hannuna ba adadi. A 'yan shekarun nan ma an kawo mana injin da ake jona wa ƙirji lantarki, na riƙe shi sau da dama in zuciya ta rikice har jini ya faɗi, mutum ya fara fita hayyacinsa. A irin wannan hali jinkiri shi ne kisa.

Iri na biyun kuwa shekarar amai da gudawa ce ta koya min shi, lokacin ina wajen Doguwa. Damina ce, rijiyoyi suka gurɓace, gadaje suka cika har muka shimfiɗa tabarmi a gindin bishiyoyi, muna rataye ledar ruwa a reshe. Duk wanda ka kama hannunsa zuciyarsa gudu take, bugun siriri kamar zare, tafin ƙafa sanyi ƙalau, ido ya faɗa. Babu wanda zuciyarsa ke da laifi a cikinsu. Ruwan jiki ne ya tsiyaye, ita kuma take ninka gudu don ɗan abin da ya rage ya kai ga ƙwaƙwalwa. In ka samu jijiya ka saki ruwa, kana riƙe da hannun za ka ji bugun yana cika yana lafawa. Da ledojin ruwa suka ƙare mana kwana biyu, na zauna riƙe da hannayen mutane ina jin yadda zuciya ke gudu har ta gaji ta tsaya. Ba na son tuna shekarar nan, amma ita ta sa yatsuna suka haddace yadda bugun mutumin da jijiyarsa ta zama fanko yake.

Wannan bugun ne na ji a hannun Buba. A jere yake, amma siriri, in na ɗan danna sai ya ɓace. Na dubi allo, lambar ba ta kafe ba, in ya gyara zama ta ɗan hau, in ya natsu ta ɗan sauka, ba irin ta telar Bebeji ba. Na shafa tafin ƙafarsa, sanyi. Na ja fatar idonsa ƙasa, cikinta ya yi fari. Yana ta lasar leɓe irin na mai jin ƙishi, numfashinsa sama-sama, kuma ya ɗan karkata hagu a zaune. Yaron nan bai yi amai ba, bai yi gudawa ba, to ina ruwan jikinsa ya tafi? Awon jinin da bai faɗi ba bai ruɗe ni ba, don ƙarfafan samari suna riƙe shi har sai sun zo gaɓar ƙarshe, sannan ya rushe gaba ɗaya.

Sai na lura da wani abu da ba a koyarwa a aji. Tun shigowarsu Buba bai dubi inda dattijon yake ba ko sau ɗaya, shi ma dattijon bango yake kallo.

Na ce, "Baffa, ɗanka ne?"

Ya ce, "Mijin 'yata ne."

Nan na gane. Na tashi cikin Fulani, da su muke cin kasuwa, da 'ya'yansu muka yi wasa. Bafulatani ba ya cin abinci gaban surukinsa, balle ya buɗe baki ya ce wayyo. Ko wuƙa ce a cikinsa zai ce lafiya lau. Duk tambayoyin da likita ya yi, a gaban suruki ya yi su, saboda haka duk a'ar da muka samu ba ta da wani amfani.

Na juya na ce a hankali, "Likita, ina so mu dakata da allurar nan."

Ya ce, "Sista, na riga na rubuta."

"Na gani. Ba zan yi ba."

Ya ja ni gefe, ya rage murya, fuskarsa a murtuke. "Zuciyar mutum tana ɗari da hamsin, kina so mu zuba mata ido har ta tsaya? Na tambaye shi, na duba cikinsa, babu komai."

"Jini yake zubarwa ta ciki, ko kuma wani abu mai kama da haka. Gudun nan shi ke riƙe da shi. In muka rage shi, jininsa zai faɗi, kuma ba za mu iya ɗago shi ba."

"Wa ya gaya miki?"

"Hannunsa da ƙafarsa. Zo ka taɓa."

Bai taɓa ba. Ya miƙo hannu ya ce in ba shi sirinjin ya yi da kansa. Na mayar da murfin allurar, na jefa sirinjin a aljihun rigata, na dafe aljihun. Ya ce zai rubuta ni wajen babban likita, ya ce wannan ƙin bin umarni ne kuma na san hukuncinsa. Na sani kuwa, don na ga waɗanda takardar tuhuma ɗaya ta mayar da su ƙauyen da mota ba ta zuwa. Raina ya ɓaci, kuma tsoro ma na ji, ba zan ɓoye muku ba, don in ya zamana ni ce na yi kuskure yaron ya mutu da allura a aljihuna, babu mai ceto na. Na zaro biro na ajiye masa a kan kati.

Na ce, "Rubuta, ka sa lokaci, ni ma zan sa hannu a ƙasa cewa na ƙi. Amma ka ba ni minti biyar tukuna. In ban samo komai ba, ga aljihuna."

Ban jira amsarsa ba na koma wajen dattijon. "Baffa, za mu cire masa riga. Ka ɗan jira mu a inuwa." Ya fita da sauri kamar dama abin da yake jira ke nan. Na rufe ƙofa, na ja labule, na jawo kujera na zauna daidai fuskar Buba.

Na ce, "Buba, surukinka ya fita, ba ya jin mu. Ni sa'ar innarka ce. Me ya same ka yau?"

Ya kawar da kai yana kallon sandarsa.

"In ka yi shiru za ka mutu kafin magariba. Ba tsoratar da kai nake ba."

Sai ya ce, "Bijimi ne."

"Ina ya same ka?"

Ya ɗora hannu a ƙasan haƙarƙarinsa na hagu. Ya ce da hantsi suna tura jan bijimin surukinsa cikin mota, sai bijimin ya juyo ya maka shi da goshi ya haɗa shi da ƙarfen motar. Ya tashi ya karkaɗe riga ya ci gaba da aiki, don mutane suna kallo, kuma abin kunya ne a ce shanun gidan surukai sun kayar da makiyayi.

"Inna, kada ki gaya masa," in ji shi.

Na yi masa alkawari, na ɗaga rigar. Babu rauni a waje sai ɗan shaci da ba ya ko ganuwa sosai. Amma da na kwantar da shi na ɗora tafin hannu a cikin, ya yi tauri kamar allo, kuma wannan karon da babu suruki a ɗakin ya cije leɓe ya runtse ido. Na tambaye shi kafaɗarsa ta hagu, ya ce tun ɗazu take masa zogi. Jinin da ya taru a ciki ne ke taɓo wurin da ke aika ciwo kafaɗa, duk wanda ya daɗe a ɗakin tiyata ya san wannan. Na sake ɗaura abin awon jini, ya riga ya fara sauka.

Dakta Nasiru yana tsaye ya ji komai. Ya sa safar hannu, ya goge gefen cikin da sifirit, ya soka allura ya ja. Jini ne ya cika sirinjin, baƙi-baƙi, irin wanda ba ya daskarewa. Ya dube ni, na dube shi. Daga nan kuma babu sauran gardama, aiki ne kawai. Ya fita da waya a kunne yana kiran babban likita, ni kuma na sa manyan kanula biyu, wato allurar ƙarin ruwa, hannu da hannu, na saki ruwa, na ɗaga ƙafar gado, na sa masa oksijin, na ɗebi jini na aika a duba rukuninsa.

Jini ne matsalar, don leda ɗaya ce a firij da ta dace da shi. Na leƙa waje na ce wa dattijon muna buƙatar mutane masu ƙarfi su ba da jini, kuma yanzu. Bai tambaye ni dalili ba. Ya hau bayan babur ya koma kara, kafin a gama shirya ɗakin tiyata ya dawo da samari biyar da sandunansu. Na san yadda mutanenmu ke gudun ba da jini, na kuma shirya doguwar magana ta lallashi, amma ban yi ta ba. Dattijon ya faɗa musu kalma biyu da Fillanci, suka jeru suna naɗe hannun riga. Uku a cikinsu jininsu ya dace.

Ana kiran la'asar babban likita ya iso, ko zama bai yi ba ya wanke hannu. Da aka buɗe cikin, saifa ce ta tsage, jini ya cika ko'ina. Aka ɗaure jijiyar, aka cire ta. Ni ina wajen kai, hannuna ɗaya yana matsa ledar jini, ɗayan yana wuyan hannun Buba. Akwai lokacin da bugun ya ɓace min gaba ɗaya, sai a wuya nake jin sa. Da leda ta biyu ta shiga ya dawo. Ya sauka ɗari da talatin, sannan ɗari da ashirin, yana cika a ƙarƙashin yatsuna. Kafin a gama ɗinki yana ɗari da goma. Ba a ba zuciyar nan ko ɗigon maganin rage gudu ba, abin da ya koro ta aka tsayar. Da na zo cire riga na ji sirinjin a aljihu, na matse shi a kwatami, na rubuta a littafin magunguna cewa an zuƙa ba a yi ba.

Dakta Nasiru bai rubuta ni ba. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba, ba don shi na yi ba. Washegari dai na gan shi a ɗakin mata riƙe da hannun wata tsohuwa yana kallon agogo, na wuce kamar ban gani ba. Kuma ku ji ni da kyau, kada wata ta fita daga nan ta je tana ƙin umarnin likita ta ce Mama Uwani ce ta koya mata. Na ƙi ne da hujja a hannuna, na faɗa masa ido da ido, na kuma yarda in sa hannu in ɗauki abin da zai biyo baya. Wadda ba ta iya ƙirga bugu minti guda ba tare da ta duba wayarta ba, ta yi abin da aka ce ta yi, ta kuma kira babba.

Da muka fito da Buba rana ta yi sanyi. Na tarar da dattijon a gindin darbejiyar da ke bayan ɗakinmu, a tsugune, samarin sun koma wajen shanu. Na taho ina shirya abin da zan ce masa, don na yi wa yaron alkawari. Na yi niyyar in ce wani ciwo ne a ciki, an kuma cire shi.

Ya miƙe ya ce, "Hajiya, yaya baƙon naku?" Ba ya kiran sunansa.

"Da sauƙi, Baffa. An yi aiki, an dace. Wani abu ne ya fashe a cikinsa."

Ya gyaɗa kai. "Jan bijimin nan ne."

Na tsaya ina kallonsa. "Wa ya gaya maka?"

"Ina wurin. Na ga lokacin da ya haɗa shi da mota. Na juya baya na yi kamar ina magana da dillali."

"Ka gani? Kana tsaye likita ya tambaye shi ko wani abu ya buge shi, ya ce a'a, ka yi shiru?"

"In na faɗa, ya san na gani. Da wane ido zai sake shiga gidana?"

Ban san lokacin da muryata ta ɗaga ba. Na manta da furfurarsa, na ce masa saura ƙiris ya mayar wa 'yarsa gawa a bayan motar shanu, da kunyarsu da komai. Na ce da an yi allurar da aka rubuta, da yanzu ana neman likkafani, kuma shirunsa ne da ya jawo. Ya sunkuyar da kai yana murza bakin malafarsa har na gama.

Ya ce, "Gaskiyarki, Hajiya. Amma kada ki gaya masa na sani."

Haka na zama mai riƙe sirrin mutum biyu a kan abu ɗaya. Na ce ya shigo ya gan shi, ya ƙi. Ya ce yaron yana kwance babu riga, ba zai so a gan shi haka ba. Matar Buba ta zo da innarta suka karɓi jinya, shi kuwa dattijon ya samu wuri a bayan taga, ta gefen kan gadon, inda Buba ba zai iya hango shi ba. Nan yake yini. Washegari da safe ya lura ina kama hannun yaron ina duba agogo, sai ya tare ni a ƙofa ya tambayi abin da nake ƙirgawa. Na yi masa bayani, na ce jiya ɗari da hamsin ne, muna so ya sauko ƙasa da casa'in ya zauna. Daga ranar bai sake tambayata yaya jiki ba, in na fito sai ya ce, "Nawa yau?"

Rana ta biyu na ce masa ɗari da biyar. Rana ta uku zazzaɓi ya taso, ya koma ɗari da ashirin, dattijon bai ci abincin da aka kawo masa ba. Muka canza magani, muka ci gaba da ƙirga. Rana ta biyar da safe na kama hannun Buba, hannun da ɗumi, bugun cike, na ƙirga minti guda, na sake ƙirga wani don in tabbata. Na fito na tarar da dattijon tsaye a bakin ƙofa.

"Nawa yau?"

"Tamanin da biyu, Baffa."

"Wannan mai kyau ne?"

"Irin naka ne da nawa. Zai koma gida."

Ya cire malafarsa ya rufe fuska da ita, ya juya ya nufi bayan ɗaki inda babu kowa, kafaɗunsa suna rawa. Na tsaya a ƙofa na tare hanya har ya gama, don kada wani ya bi ta wajen ya gan shi.